Raha a Zauren Karatu: Nazarin Rayuwar Yau da Kullum ta Ɗalibin Yeshiba

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin rayuwar yau da kullum ta ɗalibin yeshiba, wato makarantar da samarin Yahudawa ke zurfafa karatun littattafan addininsu, tare da bin diddigin irin rahar da ke gudana a tsakanin waɗannan ɗalibai. An taƙaita nazarin a kan makarantun maza da suka bi tsarin Lituwaniya, tun daga kafuwar makarantar Volozhin a 1803 har zuwa rassan wannan tsari na yau a Isra'ila da Amurka. Maƙalar ta nuna cewa rahar ɗalibin yeshiba daga cikin karatunsa take tsirowa, domin dabarun da yake warware mas'ala da su, da su yake ƙera barkwancinsa, kuma wannan raha tana wasa masa ƙwaƙwalwa, tana rage masa raɗaɗin ƙunci, sannan tana ba shi kafar faɗa wa na gaba da shi gaskiya ba tare da ya keta haddin ladabi ba.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya ga ɗalibin yeshiba daga nesa, cikin farar riga da baƙin wando da baƙar malafa, ya duƙufa a kan ƙaton littafi tun safe har dare, zai iya ɗauka cewa rayuwa ce wadda dariya ba ta da gurbi a cikinta. Rubuce-rubucen masana da na tsofaffin ɗalibai sun nuna akasin haka, domin zauren karatun nan ya tara labaran ban dariya da kwaikwayo da wasa da kalmomi masu yawan gaske, har wasunsu suka tsallake katangar makaranta suka shiga bakin sauran jama'a. A wannan maƙala, raha na nufin duk wata magana ko aiki da aka yi domin sa dariya da nishaɗi, kamar barkwanci da zolaya da kwaikwayon muryar wani ko tafiyarsa, kuma an bambanta ta da izgili, wanda manufarsa ita ce ƙasƙantar da mutum ko wani abin da ake girmamawa. Masana irin su Shaul Stampfer, wanda ya rubuta tarihin makarantun Lituwaniya na ƙarni na 19, da William Helmreich, wanda ya fitar da nazarinsa kan makarantun Amurka a 1982, sun yi bayanin tsarin waɗannan makarantu da zamantakewar cikinsu. Abin da wannan maƙala ta sa a gaba shi ne nuna yadda raha ta sarƙu da wannan tsari, ta yadda ba za a fahimci ɗaya ba sai an fahimci ɗayan.

2.0 Yeshiba da Littafin da Ake Karantawa

Ginshiƙin karatu a yeshiba shi ne Talmud, wanda ya ƙunshi sassa biyu. Sashe na farko shi ne Mishna, tarin hukunce-hukuncen da Rabbi Yehuda Hanasi ya tsara da Ibrananci wajen shekara ta 200 Miladiyya, cikin manyan rukunai 6 da littattafai 63. Sashe na biyu shi ne Gemara, wato muhawarar da malaman Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, suka yi ta tafkawa a kan Mishna a makarantun Sura da Pumbedita, akasari da harshen Aramiya, wadda aka tattara wajen shekara ta 500. Daniel Bomberg ne ya fara buga Talmud cikakke a birnin Venis na Italiya tsakanin 1520 da 1523, kuma lambobin warƙoƙin da ya sa su ake bi har yau, yayin da bugun birnin Vilna na 1880 zuwa 1886 ya zama wanda ɗalibai ke riƙewa a ko'ina. A wannan bugu, matani yana tsakiyar shafi, sharhin Rashi, malamin nan na Faransa da ya rayu daga 1040 zuwa 1105, yana gefen ciki, sharhin jikokinsa da almajiransu da ake kira Tosafot kuma yana gefen waje, don haka shafin da kansa ya zama tamkar majalisa inda malaman ƙarnoni daban-daban ke ja-in-ja da juna. Talmud ɗin Babila yana da warƙa 2,711, kuma mai karanta warƙa ɗaya kowace rana, bisa tsarin da Rabbi Meir Shapiro ya gabatar a 1923, sai ya shafe kusan shekara bakwai da rabi kafin ya sauke.

Yeshiba ta zamani ta samo asali ne daga makarantar da Rabbi Hayim, almajirin shahararren malamin Vilna, ya kafa a garin Volozhin, cikin ƙasar Belarus ta yanzu, a 1803. Hukumomin Rasha sun rufe ta a 1892, amma kafin nan tsarinta ya riga ya bazu zuwa garuruwa irin su Mir da Telz da Slabodka. Yaƙin Duniya na Biyu ya shafe waɗannan makarantu daga Gabashin Turai tare da hallaka mafi yawan malamansu da ɗalibansu, ko da yake makarantar Mir ta tsira kusan gaba ɗayanta bayan da ɗalibanta suka bi ta Japan suka shafe shekarun yaƙin a Shanghai ta ƙasar Sin. Daga waɗanda suka tsira ne aka sake gina tsarin, inda Rabbi Aharon Kotler ya kafa makarantar Lakewood a Amurka a 1943, aka kuma sake buɗe makarantar Ponevezh a garin Bene Barak, cikin Isra'ila ta yanzu, a 1944.

3.0 Yinin Ɗalibi

Yaro yakan shiga ƙaramar yeshiba yana da shekara 13 ko 14, ya wuce babba yana wajen 17, ya ci gaba da zama a can har ya yi aure, bayan nan kuma wasu sukan koma kolel, wato zauren karatun magidanta. Shekarar karatu ta kasu zango uku: gajeren zangon watan Elul wanda ke ƙarewa da ranar azumin Yom Kippur, dogon zangon hunturu mai wata biyar ko shida wanda ke kaiwa gab da idin Pesah, sai zangon bazara.

Yini yana farawa da ibadar safe wajen ƙarfe bakwai, sannan karin kumallo, sannan zaman karatu na farko da ake kira seder, wanda ke ɗaukar awa uku zuwa huɗu. Abin da ya fi bambanta wannan zama da ajin makarantar boko shi ne habruta, wato karatun mutum biyu-biyu. Ɗaruruwan ɗalibai sukan taru a babban zaure guda mai suna bet midrash, kowanne yana fuskantar abokin karatunsa, littafi a kan wani ɗan dogon teburi mai karkataccen kai, suna karantawa da ƙarfi cikin wani irin rauji na musamman wanda ke tashi a wurin tambaya ya sauka a wurin amsa. Ɗaya zai karanta jimla ya fassara, ɗayan ya tare shi da cewa Rashi bai fahimce ta haka ba, a ɗaga murya, a buga teburi, a riƙa lilo gaba da baya, a kuma riƙa zana da'ira a iska da babban yatsa idan hujja ta zo wurin juyawa. Baƙon da ya shigo zai zaci faɗa ake yi, alhali a wurin ɗalibai abokin karatun da ba ya musu shi ne marar amfani. Talmud ya riga ya kafa wannan ma'auni a littafin Baba Metsiya, inda ya ruwaito cewa bayan rasuwar Resh Lakish, wanda ya saba kawo wa Rabbi Yohanan suka 24 a kan kowace magana, an kawo masa wani malami mai gaskata duk abin da ya faɗa, sai hakan ya ƙara masa baƙin ciki.

Kafin azahar malami yakan gabatar da darasi mai suna shi'ur, inda yake nuna saɓani tsakanin matani biyu sannan ya warware shi, kuma ɗalibi yana da damar katse shi da tambaya. Bayan ibadar rana da abinci da ɗan hutu sai zama na biyu, wanda a makarantu da yawa ake yin sa da sauri domin a ci shafuka, saɓanin na safe da ake iya shafe mako guda a kan layuka kaɗan. Akwai kuma rabin awa na karatun gyaran hali, sai ibadar dare, sai zama na uku wanda masu himma ke kai shi tsakar dare. Irin wannan ɗalibi mai naci shi ake kira masmid, kuma a kansa ne mawaƙi Hayim Nahman Bialik, wanda shi ma ya yi karatu a Volozhin, ya tsara ɗaya daga cikin fitattun waƙoƙinsa. Shugaban makaranta shi ne rosh yeshiba, amma wanda ɗalibai suka fi shakka shi ne mashgiah, mai kula da tarbiyya, wanda ya san wanda ya makara a ibadar safe da wanda ya sulale daga zaure.

Batun ci da kwana yana da muhimmanci ga fahimtar rahar ɗalibai. A garuruwan Gabashin Turai an daɗe ana bin wata al'ada da ake kira cin kwanaki, inda kowane gida ke ɗaukar nauyin ciyar da ɗalibi rana guda a mako, ta yadda yaro zai ci a gida bakwai cikin kwana bakwai, wanda kuwa ya rasa gidan Talata, to Talatarsa ta zama ranar yunwa. Mai karatu Bahaushe zai tuna da almajirin tsangaya da gidajen da yake kai ƙwaryarsa, da yadda shi ma ya san gidan da ake cika masa da gidan da ake ba shi ƙanzo, kuma a wuraren biyu abinci ya zama babban jigon labaran ban dariya. Makarantar Volozhin ta kauce wa wannan al'ada ta hanyar aika wakilai su tara gudummawa daga garuruwa, a ba ɗalibi ɗan kuɗin da zai kama ɗaki ya ciyar da kansa, abin da ya ɗaga martabarsa a idon mutanen gari. Makarantar Lublin ta Polan, wadda aka buɗe a 1930, ta yi fice da ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci, kuma wannan shi ne tsarin da ake bi a yau. Daren Alhamis shi ne daren da ɗalibai da yawa ke raya shi da karatu, kuma a nan ne ake cin colent, wani dahuwar wake da dankali da nama da sha'ir wadda asalinta abincin Asabar ce, hira da waƙa da kwaikwayon malamai kuwa sukan biyo bayan kwanon.

4.0 Tushen Raha a Cikin Talmud

Ɗalibin yeshiba ba ya jin cewa ya saɓa wa magabata idan ya yi raha, domin littafin da ke gabansa ya ba shi hujja. A littafin Shabbat, warƙa ta 30, an ruwaito cewa Rabba, shugaban makarantar Pumbedita, yakan buɗe darasi da wata magana ta ban dariya, sai almajirai sun yi dariya sannan ya natsu ya shiga karatu cikin tsoron Ubangiji. A littafin Ta'anit, warƙa ta 22, an kawo labarin wani malami da ya gamu da Annabi Iliyasu a kasuwa, aka nuna masa mutum biyu da aka ce suna da rabo a lahira, da ya bincika sana'arsu sai ya tarar masu barkwanci ne da ke faranta ran masu baƙin ciki, suna kuma sasanta masu husuma. Har zolaya tsakanin makarantu tana nan a rubuce, domin an yi wa mutanen Pumbedita shaguɓe da cewa kaifin hujjarsu ya kai su zura giwa ta kafar allura.

Labarin da ya fi kusa da zuciyar ɗalibai shi ne na Rabbi Yirmiya a littafin Baba Batra. Mishna ta yanke cewa ɗan tattabarar da aka tsinta a cikin kamu hamsin daga ɗakin tattabaru na mai ɗakin ne, wanda aka tsinta a wajen wannan iyaka kuwa na mai tsintuwa ne. Sai Rabbi Yirmiya ya tambaya mene ne hukunci idan ƙafarsa ɗaya tana ciki ɗaya tana waje, kuma saboda wannan tambaya aka fitar da shi daga zauren karatu. Can gaba a cikin littafin an nuna cewa malamai sun aika masa da wasu tambayoyi, ya amsa cikin tawali'u, suka maido da shi. Wannan labari ya tara abubuwan da rahar yeshiba ta ginu a kansu: ƙa'ida mai iyaka, da hankalin da ke neman inda iyakar za ta tsage, da hukumar da ke tsawatarwa amma ba ta rufe ƙofa.

5.0 Sigogin Rahar Ɗalibai

Siga ta farko ita ce ɗora manyan dabarun karatu a kan ƙananan al'amura. Littattafan da aka fi karantawa a yeshiba su ne na diyya da ciniki da aure da saki, don haka saurayin birni da bai taɓa kiwo ba yakan shafe watanni a kan hukuncin sa mai tunkuyi, wanda mai shi ke biyan rabin ɓarna a karon farko, ya biya cikakkiya idan san ya yi tunkuyi sau uku an gargaɗe shi. Ɗalibai sukan ɗauki wannan hukunci su ɗora wa abokin ɗakin da ya saba cinye abincin mutane, a zauna a tantance ko ya kai matsayin wanda aka gargaɗa. Haka kuma hanyar nazari ta Rabbi Hayim Soloveitchik na garin Brisk, wanda ya rasu a 1918, wadda ke rarrabe hukuncin da ya rataya a kan abu da wanda ya rataya a kan mutum, ta zama abin wasa a teburin abinci. Daga cikin tambayoyin da ake yawan ji akwai ta shayi: shin sukari ne ke sa shi zaƙi ko juyawa? Mai goyon bayan juyawa zai kafa hujja da cewa sukarin da ba a juya ba kwanciya yake yi a gindin kofi, idan kuma aka tambaye shi amfanin sukarin, sai ya ce shi ne ke nuna wa mai juyawa lokacin da zai daina. Mai irin wannan wasa yana maimaita darasin safe ne ta wata fuska, kuma sai wanda ya fahimci darasin ne zai yi dariya.

Siga ta biyu ita ce labaran da ke zolayar tunanin Talmud kansa. Mafi shahara shi ne na saurayin da ya nemi malami ya koya masa Talmud, malamin ya ce sai ya jarraba shi tukuna. Ya ce mutum biyu sun sauko ta bututun hayaƙi na wani gida, ɗaya fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, ɗayan kuwa fes, wane ne zai wanke fuska? Saurayi ya ce mai baƙin, malam ya ce mai tsabtar ne, domin ya kalli abokinsa ya zaci shi ma haka yake. Aka maimaita tambayar, saurayi ya ce mai tsabtar, malam ya ce dukansu ne, domin mai baƙin zai ga abokinsa yana wanki ya gane tasa ta fi buƙata. A karo na ƙarshe malam ya ce tambayar ce ba ta da tushe, domin ba yadda za a yi mutum biyu su bi bututu ɗaya wani ya fito fes. Labarin yana sa dariya, amma ya tsara matakan karatun daidai: amsar farko, da juya ta, da haɗa ɓangarorin biyu, da komawa a tuhumi ginshiƙin tambayar.

Siga ta uku ita ce wasa da harshe. Ɗaliban Amurka suna magana da wani gauraye na Ingilishi da Yidish da Ibrananci da Aramiya wanda ake kira Yeshibish, har Chaim Weiser ya tsara masa ƙamus a 1995, kuma yawancin rahar da ke cikinsa tana fitowa ne daga amfani da kalmar shari'a mai nauyi wajen zancen wanki ko kuɗin mota.

Siga ta huɗu, wadda ta fi kowacce tsari, ita ce ta idin Purim, ranar 14 ga watan Adar, wanda ake tunawa da kuɓutar Yahudawan Farisa daga makircin wani mai suna Haman. Tun farkon ƙarni na 14 Kalonymus ben Kalonymus ya rubuta wani littafi da ya kwaikwayi salon Talmud a kan ci da sha na wannan rana, wanda wasu malamai suka yi tir da shi. A Volozhin an san al'adar naɗa ɗalibi guda a matsayin malamin Purim, ya hau kujerar shugaba, ya gabatar da darasin da aka gina da hujjoji na gaske zuwa ga sakamako na shirme, ya kwaikwayi muryar malamai, ya kuma saka koke-koken ɗalibai a cikin wasan. Ta wannan hanya shugabanni kan ji abin da ba wanda zai iya faɗa musu a sauran ranakun shekara, washegari kuma kowa ya koma mazauninsa.

6.0 Iyakar Raha

Wannan 'yanci yana da linzami. Talmud ya kwatanta kunyata mutum a bainar jama'a da zubar da jini, ya kuma ruwaito cewa wani malami ya fasa kofi mai tsada a bikin ɗansa da ya ga annashuwar baƙi ta wuce kima, abin da masu sharhin Tosafot suka danganta da al'adar fasa kofi a bikin auren Yahudawa. Tafarkin gyaran hali da ake kira Musar, wanda Rabbi Yisra'el Salanter, da ya rasu a 1883, ya assasa, ya tsananta wajen yaƙi da izgili, kuma littafin Moshe Hayim Luzzatto na 1740 da ake karantawa a zaman gyaran hali ya bayyana izgili a matsayin abin da ke hana wa'azi ratsa zuciya. Makarantun Musar sun sha bamban a kan yadda za a yi da dariyar mutane: Slabodka ta koyar da kamun kai da tsabtar tufafi domin kare martabar ɗalibi, Novardok kuwa an ruwaito cewa takan tura ɗalibi kantin magani ya nemi ƙusa, domin a yi masa dariya ya koyi rashin damuwa da yabo ko zargi. Ba za a ce kowane ɗalibi yana tsayawa a kan iyaka ba, domin kwaikwayo yakan zarce ya zama cin fuska, musamman ga baƙo ko mai rauni a karatu, kuma wannan na daga cikin abubuwan da mashgiah ke yawan tsawatarwa a kai.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi ɗalibin yeshiba daga ibadar safe zuwa zaman dare, ta kuma nuna cewa rahar da yake yi tana da asali a cikin littafinsa, tana da siga da ta dace da hanyar karatunsa, tana kuma da iyakar da tarbiyyarsa ta shata. Makarantar da ta mayar da tambaya da musu hanyar neman ilimi dole ta haifi ɗalibi mai ganin abin dariya a inda hujja ta zarce hankali, kuma malaman da suka fahimci haka sun zaɓi su yi wa rahar linzami maimakon su kashe ta. Saboda haka, mai nazarin kowace makarantar addini ta gargajiya da ya tsaya a kan manhaja da jadawali kaɗai ya bar rabin aikin. Yana da kyau masana adabin baka na Hausa su himmatu wajen tattara rahar almajirai da gardawa da ɗaliban zaure daga bakin masu ita, a rubuta ta, a yi nazarinta, tun dattawan da suka san ta suna raye.